Taku Biyu Daga Bakin Kwalta: Shaidar Mai Zuwa Aiki a Kan Keke

Gidana yana Hotoro, wurin aikina yana Sharaɗa, kuma keke ne yake kai ni yana dawo da ni tun kafin a hana acaɓa a Kano. Iyakar abin da mai karatu yake buƙatar sani game da ni ke nan. Sauran bayanin na hanya ne da na keken kansa. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa sun zaro tsofaffin kekuna daga soro da ɗakin shirgi, sun kaɗe musu ƙura sun hau titi. Wasunsu magidanta ne da rabon su da taka feda tun suna sakandare. Hawan keke ba a manta shi, wannan gaskiya ne. Amma titin da suka sani a da ba shi ne na yanzu ba.

A watan Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. A Daidaita Sahu, wato babur mai ƙafa uku, ta maye gurbin acaɓa, kuma daga nan lissafin mai keke ya sauya. Ɗan acaɓa siriri ne kamarka, kuna iya raba gefen titi. Ɗan sahu kuwa faɗinsa ya cinye gefen gaba ɗaya, kuma gefen nan shi ne kasuwarsa, nan yake ɗauka, nan yake saukewa. Sai ya zama kai da shi kullum kuna neman fili ɗaya.

Sabon mahayi tsakiyar titi yake tsoro, don haka sai ya manne da bakin kwalta kamar ƙadangare a jikin garu, yana ganin ya tsira. A abin da na gani, bakin kwaltar nan ya fi mota kayar da masu keke. Duk abin da tayoyin motoci suka share daga tsakiya, can yake taruwa: rairayi, tsakuwa, fasassun kwalabe, ƙusoshi, ledar fiyawata, da siraran wayoyin ƙarfe da ke fita daga tsofaffin tayoyin manyan motoci, waɗanda ido ba ya ganin su sai sun shige maka taya. Can ne kuma lambatun da aka sace wa murfi yake jiran mutum.

Rairayi shi ne babba. In tayar gaba ta shiga yashi mai zurfin yatsa biyu, kan keken sai ya ƙi bin hannunka. Abin da jiki yake so ya yi a wannan lokacin shi ne ya damƙe birki ya murɗa kai, kuma su biyun ne suke kayarwa. Abin yi shi ne ka riƙe kan a miƙe, ka ɗan ja jikinka baya a kan sirdi don nauyi ya bar tayar gaba, ka ci gaba da taka feda a hankali har ka fita. In dole sai ka rage gudu, kafin ka shiga yashin za ka rage, ba a cikinsa ba. Haka in za ka sha kwana a inda yashi ya kwanta: ka gama birkinka tun keken yana tsaye sak, sannan ka karkata.

Na biyu shi ne tsinin kwaltar kanta. A tituna da yawa kwalta ta fi ƙasar gefenta tudu da kamar faɗin yatsa uku ko huɗu. Mota ta matso ka, ka sauka ƙasa, wannan ba komai. Komawa kan kwaltar ce matsala. In ka zo mata a kaikaice, gefen taya ya goga jikin tudun maimakon ya hau shi, wil ɗin gaba ya tsaya a ƙasa, jikinka kuwa ya riga ya karkata hagu. Sai ka faɗi, kuma ba cikin ƙasa za ka faɗi ba, kan titi za ka faɗi, gaban motar da ke biye. In ka sauka, kada ka yi gaggawar komawa. Rage gudu, waiwaya, in hanya ta yi sarari ka juyo kan keken ka hau tudun kai-tsaye kamar mai hawa dokin ƙofa. Layin dogo ma haka yake so: a tsallake shi a miƙe, ba a kaikaice ba, musamman in ƙarfen ya jiƙe.

Saboda haka wurin da nake ba kowa shawara ya tsaya shi ne kamar taku biyu daga bakin kwalta, wato kusan mita ɗaya. Nan ne tayar dama ta motoci take bi, don haka a share yake. Nan direba yake ganin ka a matsayin abin da dole ya kauce wa. In ka manne da gefe, ce masa ka yi akwai fili, sai ya kutso ya wuce madubinsa yana shafar gwiwar hannunka, kai kuma ba ka da inda za ka matsa. In ka bar taku biyu, kana da wurin gudu idan ta ɓaci. Za a danna maka hon. Za ka ji wani yaro ɗan sahu ya leƙo yana cewa, "Baba, titin na gidanku ne?" Ka bar shi da bakinsa. Wanda ya yi maka hon ya gan ka, wanda bai yi ba shi ne abin tsoro.

Ɗan sahu ba mugu ba ne, idonsa ne ba ya kan titi. Yana kan mutanen da ke tsaye a gefe. Duk wanda ya ɗaga yatsa, ko ya yi kamar zai ɗaga, to nan take zai yanke dama ya tsaya, kuma da yawansu fitilar birki ta mutu tuntuni. Don haka kada ka tsaya kallon bayansa kana jiran jar fitila. Kalli abin da shi yake kallo. In ka hango mace da yara biyu a bakin titi gabanku, ka sani zai tsaya. Kalli cikinsa kuma: in fasinja ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar direba, ko ya fara laluben aljihu, sauka za a yi. Kada ka taɓa bi ta tsakanin ɗan sahun da ya tsaya da bakin titi, ko da filin ya ishe ka, domin ta nan ƙafar fasinja za ta fito, ko yaro ya duro. Ta hagunsa ake wucewa, bayan an waiwaya. In babu dama, ka tsaya a bayansa, daƙiƙa goma ce.

Motar da ke fake a gefe, kamar yadda suke jeruwa a Titin Gidan Zu da yamma, ƙofarta ita ce tarkon. Direba ya gama waya, ya banko ƙofa bai duba madubi ba. Ƙofar mota in ta buɗe tana cin kusan mita guda, don haka tazarar da za ka ba ta ke nan. Ka riƙa duba ta gilashin baya: in akwai kan mutum a kujerar direba, ka ɗauka yanzu zai fito.

Sai manyan motoci. Mu da muke bi ta Hotoro da Dangi da cikin Sharaɗa kullum muna tare da tirela da tifa da tankar mai. Wannan shi ne wurin da kuskure ɗaya yake isa. Direban tirela yana zaune can sama a hagu. Duk abin da ke gefensa na dama, daga ƙofar yaron mota zuwa tsakiyar bodi, da abin da ke dab da hancin motar, ba ya ganin sa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Abu na biyu da mutane ba su gane ba shi ne yadda tirela take shan kwana. In za ta juya dama, sai ta fara buɗewa hagu. Mai keke ya ga fili ya buɗe a dama, ya ce bari in shige. Kan motar ya juyo, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi, sai filin nan ya rufe kamar almakashi. Babu birkin da zai fitar da kai daga nan. A wurin danja ma kada ka lallaɓa ka tsaya a gefen tirela. Ko dai ka tsaya bayanta sosai, ko ka wuce gabanta da nisan da za ka waiwaya ku haɗa ido da direba.

In babbar mota za ta wuce ka da gudu a buɗaɗɗen titi, iskar gabanta tana tura ka waje, ta bayanta kuma tana janyo ka ciki. Riƙe kai da hannu biyu, ka daina taka feda har ta wuce. Samarin da ke kama bayan tifa tana jan su kuwa, ba ni da abin ce musu sai Allah ya shirya. Ramin da tifa za ta tsallake da tayoyinta a gefe da gefe, kai tsakiyarsa za ka faɗa, ba ka ma gan shi ba.

Gadojin da aka gina a 'yan shekarun nan, irin na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro, sun sauƙaƙa wa masu mota, amma ba da mai keke aka yi lissafinsu ba. A gadar sama kana hawa da gudun mai tafiya a ƙasa, motoci suna zuwa da gudun da ba sa yi a ko'ina cikin gari, ga bango a damanka babu wurin kaucewa. Ni ta ƙasa nake bi ko da zai ƙara mini minti biyar. Gadar ƙasa kuma gangara ce mai daɗi, keke ya ɗauki gudu, sai ka tarar da yashi da ruwa sun taru a can ƙasan, ga duhu bayan idonka ya saba da rana. Wurin da ya fi haɗari shi ne bakin gada, inda hanya take rabewa: masu hawa da masu bin ƙasa suna gittawa juna, kai kana tsakiya. Ka yanke shawarar inda za ka bi tun da nisa, ka miƙa hannu sosai a gani, kada ka sauya ra'ayi a ƙurarren lokaci.

Juyawa hagu a babban titi ma haka. Ba abin kunya ba ne mutum ya tsallaka mahaɗa a miƙe, ya tsaya a can gefen, ya juya kekensa, ya jira hannun ya buɗe. Ko ya sauka ya tura. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne bin hannun da ba naka ba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma har yau za ka ji mai keke yana cewa gara ya fuskanci motoci don ya riƙa ganin su. Yi lissafi. Mota tana gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15. In hanyarku ɗaya, da gudun 35 take cim maka. In kuna fuskantar juna, da 65 za ku haɗu. Ban da haka, duk direban da zai fito daga lungu ya hau titi, hagu yake kallo, inda motoci suke zuwa. Kai kuma ta damansa ka ɓullo.

Akwai wani abu da ba kowa yake lura da shi ba, wato rana. Wanda yake zaune a gabashin gari yana aiki a yamma, kamar ni, rana tana bayansa safe da yamma. Wanda yake Kabuga ko Rijiyar Zaki ko Ɗorayi yana aiki wajen Bompai, ita yake fuskanta tafiya da dawowa. Damuwar ba idonsa kaɗai ba ce. Direban da ke bayansa ma rana tana dukan gilashinsa mai ƙura, bai ga komai a gefen titi ba. In inuwarka tana bayanka doguwa, ka sani na bayanka da ƙyar suke ganin ka. In tana gabanka, masu tahowa ne ba sa gani, musamman mai shirin yanke hanya ya juya.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa. Da hunturu hazo ne, da sanyin asuba da ke sandarar da yatsu har su kasa damƙe birki da ƙarfi. Safar hannu ko ta ulu ce tana magani, kuma rawanin da aka naɗe kunne da shi yana rage jin motar da ke tahowa, sai a ƙara yawan waiwaye. Da bazara, a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Kwaltar tana dafa tsohon faci har gam ɗinsa ya saki, shi ya sa tayar da aka bari a rana take sacewa ba tare da ƙaya ba. A ajiye keke a inuwa. Mutum kuma ya sha ruwa kafin ya hau, ba sai ya ji ƙishi ba: ledar ruwa rabin lita ce, ɗaya kafin tashi, ɗaya a kariya, wato wurin ɗora kaya na bayan keke. In ka ji kanka yana sarawa, idonka yana yin duhu-duhu, sauka ka zauna. Da azumi kuma, rabin awar nan ta kafin shan ruwa ita ce mafi munin lokaci a titin Kano. Kowa yunwa, kowa sauri. Gara dabino uku da ruwa a aljihu, ka sha ruwa a masallacin kan hanya, ka ƙarasa gida bayan titi ya lafa.

Damina ita ce mai dogon bayani, saboda birki. Yawancin kekunanmu, irin su Phoenix da Hero da tsofaffin Raleigh masu taya inci 28, rim ɗinsu, wato da'irar da taya take zama a kai, ƙarfe ne mai sheƙi. In ya jiƙe, robar birki sai ta riƙa sulɓi a kansa. Ka damƙe, keken ya ci gaba da tafiya kamar ba ka yi komai ba, sai wil ya juya sau da yawa ruwan ya goge sannan ya fara kamawa. Dabarar ita ce, duk lokacin da ka fito daga ruwa, ka ɗan matsa birki biyun kaɗan kana tafiya, robar ta share rim ɗin, tun kafin ka buƙace su. Kuma ka ninka tazarar da kake bari a gabanka. Ruwan farko bayan dogon rani ya fi kowanne santsi, domin yana taso da man da motoci suka ɗiga wata da watanni. Ruwan da ya kwanta a titi kuwa, musamman a Agusta, ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba. In ba ka san wurin da rani ba, bi sawun motar da ta wuce gabanka ka ga zurfinsa, ko ka sauka ka tura.

Yanzu bari in zo kan keken. Mutanenmu suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma da yawan abin da ake kira tsautsayi ya yi sati biyu yana ƙara a ƙarƙashin mai shi yana jin sa.

Birki: robar ta zauna nesa da rim da kamar kaurin tsabar kuɗi, milimita biyu zuwa uku. In ka matsa hannun birki har ya taɓa kan keke, ya yi sako-sako, a ɗaure shi. A tsofaffin kekuna, ƙarfen da ke riƙe robar a buɗe yake ta gefe ɗaya, a toshe ta ɗayan. Toshasshen gefen shi ne zai kalli gaba. In yaron mai gyara ya juya shi, ranar da ka taka birki da ƙarfi rim zai fizge robar ya harba ta waje, ka rage da ƙarfe a kan ƙarfe. Duba wannan da idonka duk lokacin da aka sauya maka roba. Ka kuma san wanne hannu ne na gaba. A yawancin kekunan nan dama ne, amma kada ka ɗauka haka nan, gwada a tsaye. Na gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma mai wurga mutum ta saman kai in an fizge shi shi kaɗai. A matsa su tare, a ja jiki baya.

Taya: matsa ta da babban yatsa kowace safiya. In ta lotsa, ƙara iska. Tayar da ba ta da iska sosai in ta daki bakin rami, rim yana cizon tub ya huda shi wuri biyu a jere kamar saran maciji, kuma irin wannan hujin faci ba ya daɗewa a kansa. In taya tana sacewa a hankali ba ka ga huji ba, shafa yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, 'yar robar cikin bawul ce ta tsage, kuɗinta bai kai na ruwan leda biyu ba. In kuma hujin kullum ta cikin tub yake fitowa, wajen rim, to kan sifok ne yake sukar sa, wato siraran wayoyin da ke riƙe da wil. Robar da ke rufe kawunansu ta yage, a sauya ta.

Faci kuma gaggawa ce ke lalata shi. A kankare wurin da 'yar takarda mai kaushi har ya daina sheƙi, faɗinsa ya fi facin. A shafa sulushan, wato gam ɗin faci, siriri, sannan a jira kamar minti biyar ya bushe har ya daina kama yatsa. Mafi yawan facin da ke tashi an manna shi ne gam yana ɗanye. Kafin a mayar da tub, a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali a nemo abin da ya huda ta, in ba haka ba kafin ka kai Dangi ka sake yin faci. In mai gyara yana sauri, ce masa, "Malam, bar shi ya sha iska, ba na sauri." Kayan da ba na fita ba tare da su ba: famfo, faci da gam, ƙarafan cire taya biyu, sifana mai lamba 15 ta notin wil, da robar bawul biyu.

Sarka: in ka danna tsakiyarta da yatsa, ta motsa sama da ƙasa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ta fi haka za ta zame, kuma ba ta zamewa sai lokacin da ka miƙe tsaye kana taka feda da ƙarfi don ka tsallake mahaɗa. Ƙafa ta tafi wayam, ƙirji ya daki kan keke. Akwai 'yan ƙusoshi biyu a bayan wil na ja da shi baya: a sassauta notin wil, a ɗaure su daidai wa daida don kada wil ya karkace, a sake ɗaure noti. Baƙin man da ake zubawa sarka ta yi sharkaf yana kama yashi ne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye ta. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma. In sarka ta tsufa har tana tsalle, a sauya ta tare da firiwil, wato haƙoran da take hawa a wil ɗin baya, domin sabuwa a kan tsohon haƙori ba ta zama.

Sai kota, ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda. In kana jin ƙas-ƙas a kowane zagaye, ko feda tana ɗan faɗawa gaba, ta saki. Kada a ce za a janyo ta da noti, zaren zai tsinke. A tokare hannun fedar ta ƙasa da ƙarfe ko katako, a buga kan kotar da guduma, sannan a ɗaure notin. Kotar dama da ta hagu kuma kowacce da inda take kallo, akasin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Wil kuwa, kama shi ka girgiza gefe da gefe. In yana kaɗawa, boris ya saki ko ya ci, a buɗe a sa giris tun bai tauna wurin zamansa ba.

Tufafi ma suna cikin kayan keke. Ƙafar wando ta dama a naɗe ta ko a cusa cikin safa, in keken ba shi da murfin sarka. Babbar riga a ninke ta a ɗaure a kariya, a saka in an isa. Silifa tana zamewa daga feda in ta jiƙe. Ledar cefane da ake ratayawa a kan keke tana lilo, rana ɗaya za ta shige cikin sifok na gaba, wil ya tsaya cak. Komai a kariya, a ɗaure da roba, nauyin ya zauna a tsakiya. Masu sauke yara a makaranta kafin su wuce aiki, ku dubi ƙafar yaron da ke baya. Diddigen yaro in ya shiga sifok yana kwashe fata har ƙashi, kuma ciwo ne mai wuyar warkewa. A sa masa wurin ɗora ƙafa, a rufe gefen wil da kwali mai kauri ko roba, a sa masa takalmi rufaffe.

Da dare, fitilar gaba don ka gani ce, ta baya don a gan ka, kuma ta bayan ta fi muhimmanci. 'Yar jar fitila mai caji da farar riga sun wadatar. Hular kwano kuma, na san ana yi wa mai keke dariya in ya sa ta. Kan dai naka ne.

In an faɗi, abu na farko a bar kan titi, mutum da keken. Kada a yi saurin cewa "ba komai" don mutane sun taru ana ta sannu, jiki yana da zafi a lokacin, ciwo bai fito ba. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har yashin ya fita duka. Man birki da fetur da wasu ke zubawa ƙona naman suke yi. In ƙarfe ne ya yanke ka ko raunin ya yi zurfi, a je a yi allurar tetanus. Wanda ya tokare da hannu ya kasa ɗaga kafaɗa, ko wuyan hannu ya kumbura, a ɗauki hoton ƙashi kafin a kai wa mai ɗori, ga asibitin ƙashi na Dala nan a gari. Wanda kansa ya bugu, in ya fara amai, ko barci yana fizgar sa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, asibiti nan take, ko da babu jini a waje.

Keken ma a duba shi kafin a sake hawa. Tsaya a gabansa, matse wil tsakanin gwiwoyinka, ka daidaita kan. Juya kowane wil ka ga ko yana taɓa birki. Sannan ka shafa ƙarfen da ke bayan wuyan keken ta ƙasa, da ƙafafun nan biyu masu riƙe wil ɗin gaba. In fenti ya tattare ko ya tsage a wurin, ƙarfen ya lanƙwashe ko da ido bai nuna ba. Mai walda zai ce zai miƙe maka shi ya ɗana wuta. Bodi a iya yi masa haka a lallaɓa, amma ƙafar gaba in ta taɓa lanƙwasa, sabuwa ake saya.